Hukuncin Tsai Da Mota A Kan Hanya Domin Kamun Direba Mai Maye

Duk wanda ya saba bin babbar hanyar da ta tashi daga Kano, ta bi ta Dambatta da Kazaure, ta nufi Daura har Kwangwalam, ko kuwa wadda ta rabu ta yi Babura da Babban Mutum, ya san ba a kai ƙarshen tafiya sai an gamu da shinge. Wani na 'yan sanda ne, wani na ma'aikatan kiyaye haɗari, wani kuma na kwastan, domin hanyoyin nan biyu duk ƙasar Nijar suke fita. A kan ɗaga wa direba hannu ya gangara gefe, fasinjoji su yi tsit, mai kaya kuwa ya shiga lissafin abin da jinkirin zai ja masa. Galibi magana ba ta wuce takardun mota. Amma wata rana ma'aikaci ya kan sunkuyo ta taga ya ji wari, ko ya ga idon direba ya juye, harshensa ya yi nauyi, sai tsayawar minti biyu ta koma kamu.

A nan ne gardama ta kan tashi a tasha da zaurukan malamai. Waɗansu su ce da wane dalili aka tsai da shi tun farko, ashe wannan ba bin diddigin asirin Musulmi ba ne? Waɗansu kuma su ce wanda ya ɗebo rayukan bayin Allah a mota yana tangaɗi da su, ai ba shi da sauran asirin da za a rufa masa. Magana ce da ta shafi fatake da masu motocin haya na Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, domin dukiyarsu ce a cikin motar, 'ya'yansu ne kuma a bakin titi. Don haka ya kamata a auna ta da ma'aunin fikihu, sa'an nan a auna ta da dokar ƙasa.

Laifi Biyu Ne A Wurin

Abin da ya kamata a fara sani shi ne, direban da aka kama cikin maye yana iya ɗauke da laifi biyu, kowane da asalinsa. Na farko laifin shan abin da ke sa maye, wannan kuwa Musulmi ya shafa. Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halil duk sun yanka masa haddin bulala 80, Muhtasar kuwa ya bayyana cewa ba a tsai da haddin sai bayan mashayin ya wartsake. Dokar laifuffuka ta Jihar Arewa da ta fara aiki a 1960 ta riga ta hana Musulmi shan barasa a sashe na 403, sai don magani. Jihar Jigawa kuma, wadda aka kafa a 1991, ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000.

Laifi na biyu shi ne tuƙi cikin maye, wannan kuwa bai tambayi addinin mutum ba. Direban tirela da ya taso daga kudu da kaya, wanda ba Musulmi ba, haddi ba ya hawansa, amma dokar hanya tana kansa kamar yadda take kan ɗan Kazaure. An kafa hukumar kiyaye haɗari ta tarayya a 1988, dokarta ta 2007 kuwa ta ba ma'aikatanta ikon kama wanda suke da dalili mai ƙarfi na zaton ya yi laifin hanya, su kai shi gaban shari'a. Dokar ta sanya tarar naira 5,000 a kan tuƙi cikin mayen barasa ko ƙwaya, da naira 50,000 a kan tuƙin ganganci. Dalilin hanin a fili yake. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin mita 28 a daƙiƙa guda, barasa kuwa aikinta shi ne ta jinkirta tsakanin ganin ido da taka birki. Daƙiƙa ɗaya da ta ɓace ta isa ta raba mai keke da iyalinsa.

Gida Da Hanya

Hujjar masu cewa tsai da mota bin diddigi ne ba ƙarama ba ce. Aya ta 12 cikin Suratul Hujurat ta hana yawan zato, ta kuma hana binciken asirin mutane. Mawardi ya kawo a cikin Ahkamus Sulɗaniyya cewa Sayyidina Umar ya taɓa shiga wa waɗansu mutane suna sha, ya tuhume su, su kuwa suka tuna masa cewa shi ma an hana shi bincike da shiga ba izini, sai ya fita ya bar su. Bisa wannan Mawardi ya ce mai hisba ba ya tone abin da aka ɓoye, sai fa inda ya sami labari daga amintacce cewa za a yi ɓarnar da in ta auku ba ta gyaruwa, kamar kisan kai.

To, amma sirrin da shari'a ta kare na wanda ya rufe ƙofarsa ne. Abu Dawud ya ruwaito cewa an gaya wa Abdullahi ɗan Mas'udu ga wane can gemunsa yana ɗigar giya, sai ya amsa da cewa bincike kam an hana, amma abin da ya fito fili ana kama mutum da shi. Wannan ita ce ƙa'idar da al'amarin duka yake tsaye a kanta. Hanyar Kazaure zuwa Daura ba ɗakin kowa ba ne, hakkin jama'a ce, kuma cikin hakkin hanya akwai kame cuta daga masu binta. Wanda ya sha a ɓoye, tsakaninsa da Mahaliccinsa ne har sai shaida ta tabbata. Wanda ya sha kuma ya hau kujerar direba, shi da kansa ya fito da abinsa kasuwa. Ɓarnar da ake tsoro daga gare shi kuwa tana cikin irin wadda Mawardi ya keɓe, domin rai in ya fita ba ya komowa. Risala ma ba ta karɓi maye a matsayin uzuri ba, mai maye in ya yi kisa ana kama shi da jinin.

Tsayarwa Iri Uku

Domin maganar ta fito sarai, sai a ƙaddara mas'ala uku, kamar yadda malamai suka saba.

Ta farko, mota ce ta fito daga wajen Roni da almuru, tana cin hannun da ba nata ba, ta yi dama ta yi hagu, ko tana tafe ba fitila. Ma'aikaci ya gani da idonsa, ya tsai da ita. Wannan tsayarwa ba ta da ja, a fikihu ko a doka, domin alama ce ta bayyana kafin a ɗaga hannu. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999, wanda ya kare 'yancin mutum daga tsarewa, shi da kansa ya yarda a tsare wanda ake zato mai dalili cewa ya aikata laifi, ko domin a hana shi aikatawa. Ma'aikacin da ya ga irin wannan mota ya kau da kai, shi ne ya yi sakaci da amana.

Ta biyu, shinge ne da hukuma ta kafa bisa umurni, ana tsai da kowace mota a duba lasin da takardu, ba a zaɓen wane a bar wane. A nan babu zato a kan mutum guda, tsari ne da ya hau kowa, kamar yadda mai hisba a da ya kan bi kasuwa yana duba mudu da sikeli ba tare da ya tuhumi wani ɗan kasuwa da ha'inci ba. In a cikin duba takardun wari ya bugi ma'aikaci, ko direba ya kasa tsai da magana, to alamar ta zo da kanta, ba a tono ta ba. Kotun Ƙoli ta Amurka ta duba irin wannan a 1990, a shari'ar wani shinge na jihar Mishigan inda motoci 126 suka wuce, kowace aka tsai da ita kimanin daƙiƙa 25, aka kama mutum 2 da laifin tuƙi cikin maye. Kotun ta ce ɗan jinkirin bai kai nauyin rayukan da ake karewa ba, ta halatta shingen.

Ta uku, ma'aikaci ne ya tsai da mota guda daga cikin motoci, ba ta yi laifin kome ba, don kurum askin direban bai yi masa ba, ko don ya san shi ɗan wata unguwa ne, ko don ya ji harshensa ba na garin ba ne. Wannan ita ce tsayarwar da ba ta da tushe. Dokar 'yan sanda ta 2020, a sashe na 54, ta faɗa ƙarara cewa launin fata da shekaru da irin aski da sutura ba sa zama dalilin zato, haka nan kuma ɗaukan wata jama'a a jimlace cewa su ne masu laifi. Dokar ta kuma wajabta wa ɗan sanda, kafin ya caje mutum ko motarsa, ya faɗi sunansa da ofishinsa da abin da yake nema da dalilinsa. Kotun Amurka ma a 1979 ta haramta wa ɗan sanda tsai da mota guda don ganin dama. Hausawa tun da can sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya.

Wa Ke Da Ikon Tsayarwa?

Ba duk mai kaki ke da izinin ɗaga wa mota hannu ba. A 2023 Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Asaba ta yanke cewa ikon hukumar kiyaye haɗari a kan hanyoyin tarayya ya tsaya. A watan Oktoba na 2024 kuma Babbar Kotun Tarayya ta Abuja ta ce ma'aikatan duba lafiyar mota na birnin tarayya ba su da dokar da ta ba su ikon tsai da mota, ko ƙwace ta, ko cin direba tara. Hanyar Kano zuwa Daura ta tarayya ce, saboda haka hukumar kiyaye haɗari tana cikin huruminta a kanta. Ɗan sanda kuwa huruminsa ya game ko'ina.

Game da 'yan hisba, an sha jin labarin kwalaben giyar da suka kama suka farfasa a ƙasar Kazaure, aikin umurni da kyakkyawa kuwa ba mai musun falalarsa. Sai dai sashe na 214 na tsarin mulki ya ce rundunar 'yan sanda guda ce a Nijeriya, ba a kafa wata. Don haka hanyar da ta fi tsira daga jayayya ita ce, wanda aka samu cikin maye a hana shi ci gaba da tuƙi, a damƙa shi ga 'yan sanda, su kuma su kai shi gaban alƙali. Bulala ko tara a bakin titi ba tare da zaman shari'a ba, ba ta cikin Muhtasar, ba ta kuma cikin kundin gwamnati. Wanda aka tsare yana da hakkin ya yi shiru har ya ga lauya, a sanar da shi dalilin kamun a rubuce cikin awa 24, a kuma kai shi kotu cikin kwana 1 in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, cikin kwana 2.

Wari Shaida Ne?

Malaman Malikiyya sun san wannan babi sarai. A cikin Muwaɗɗa an ruwaito cewa Sayyidina Umar ya ji warin abin sha daga wani, ya ce zai bincika ko abin yana sa maye, da ya tabbata sai ya yi masa cikakken haddi. Daga nan Imamu Malik ya ɗauki wari a matsayin hujja, da sharaɗin adilai biyu su shaida shi a gaban alƙali. Abu Hanifa da Shafi'i ba su yarda wari shi kaɗai ya tabbatar da haddi ba, kamar yadda Ibn Rushd ya bayyana saɓanin cikin Bidayatul Mujtahid. Abin lura shi ne, ko a mazhabar da ta fi tsanantawa, hancin ma'aikaci guda bai isa ba, kuma Sayyidina Umar bai ɗaga bulala ba sai da ya yi tambaya.

Ilmin likita ya ƙara wa wannan taka-tsantsan ƙarfi. Mai ciwon sukari in sukarinsa ya hau ƙwarai numfashinsa ya kan yi wani wari mai kama da na 'ya'yan itace da suka nuna, in kuwa ya faɗi ƙasa ya kan yi tangaɗi, maganarsa ta sarƙe, wanda bai sani ba ya rantse a buge yake. Direban da ya kwana biyu a kan hanya ba barci, shi ma idonsa ya kan kaɗa. Haddi kuwa shubuha tana kau da shi. Saboda irin wannan ne aka ƙago na'urar busawa a Amurka a 1954, wadda ke auna barasar da ke cikin numfashi, masana kuma suka ce a dakata kimanin minti 15 zuwa 20 kafin a busa, don kada ragowar abin da ke cikin baki ya ruɗi awon. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba ƙasashe shawara kada iyakar barasa a jinin direba ta wuce giram 0.05 cikin kowane mililita 100.

Akwai kuma abin da hanci da na'urar busawa duk ba sa kamawa, watau ƙwaya. Tiramol da maganin tari mai kodin ba su da warin barasa, amma suna taɓa hankalin mai tuƙi. Gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi a watan Mayu na 2018. Ƙidayar da aka yi a Nijeriya tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta sami mutum miliyan 14.3 da ke shan ƙwaya iri-iri. Ma'aikacin da wari kaɗai yake nema zai bar mai ƙwaya ya wuce. Abin dogaro na farko shi ne yadda motar ke tafiya, na biyu halin direban, na uku kuma awon likita.

In Tsayarwar Ta Ɓaci, Laifin Ya Faɗi?

Nan ne direbobi da yawa suke ruɗuwa. A Amurka, tun daga hukuncin 1961, ƙa'ida ita ce shaidar da aka samo ta hanyar binciken da ya saɓa tsarin mulki ba a kafa hujja da ita a kan mutum, shi ya sa lauyoyinsu kan fara da tambayar dalilin tsayarwa. Nijeriya ba wannan tafarki ta bi ba, na Ingila ta gada. A 1955 kotun ɗaukaka ƙara ta Sarauniya a London ta duba shari'ar wani mutumin Kenya mai suna Kuruma, wanda aka tsayar a shingen 'yan sanda zamanin dokar ta-ɓaci, waɗanda muƙaminsu bai kai na yin caje ba suka caje shi, suka ce sun sami harsashi 2. Kotun ta ce in shaida ta shafi maganar da ake yi, ana karɓarta ko ta wace hanya aka samo ta. Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta bi wannan ra'ayi a shari'ar Musa Sadau a 1968.

Dokar shaida ta 2011 ta ɗan sassauta. Sashe na 14 da na 15 sun ce shaidar da aka samo ba bisa ƙa'ida ba ana karɓarta, sai in alƙali ya auna ya ga illar karɓar ta rinjayi amfaninta. Cikin abin da zai auna akwai ƙarfin shaidar, da girman laifin da ake tuhuma, da girman keta dokar da ma'aikacin ya yi, da ko da gangan ya yi. Ma'ana, direban da aka tsayar ba dalili, awo kuma ya nuna a buge yake, kada ya sa rai kuskuren ma'aikaci zai wanke shi. Ma'aikacin shi ma kada ya sa rai laifin direban zai wanke shi, domin sashe na 35 ya ba wanda aka tsare ba bisa doka ba hakkin diyya da neman gafara a bainar jama'a. Kowa da nasa kayan, kowa kuma shi zai ɗauka.

Ɓarnar Da Ta Fi Duka

Akwai wata tsayarwa ta huɗu da ba ta cikin littafi, ita ce wadda ake yi don a miƙa na goro. A 2012 Sufeto Janar na 'yan sanda Muhammad Abubakar ya ba da umurni a rushe shingayen hanya a faɗin ƙasa, kukan jama'a a kan karɓar kuɗi yana cikin dalilan. Tun kafin wannan, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa cikin Kitabul Farƙ karɓe-karɓen da masu mulki ke ɗora wa talakawa da 'yan kasuwa ba bisa shari'a ba, da toshiyar da ake kai wa masu iko, ya sa su cikin alamun mulkin zalunci. Shingen da ya koma wurin karɓar kuɗi yana cutar mai gaskiya da jinkiri da asara, sa'an nan ya saki mai maye da zarar ya miƙa hannu. Motar da aka saka a shingen bayan gari da 'yan kuɗi kaɗan, ita ce za ta ratsa tsakiyar gari lokacin da yara ke tashi daga makaranta. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: mai bayarwa da mai karɓa duk suna da rabo a abin da ya biyo baya.

Fatake da masu motoci suna da abin yi tun kafin a kai shinge. Mai mota ya san direbansa fiye da ɗan sandan da zai gan shi minti ɗaya, shugabannin tasha kuma sun san wanda ke tsayawa wurin mai tallar ƙwaya kafin ya yi lodi. Wanda ya damƙa makulli ga mutumin da ya san halinsa, ya sa dukiyarsa da rayukan fasinja a caca. Fasinjan da ya ga alama ya yi shiru don kunya, ya sani kunyar ba za ta taka masa birki ba. Malamai kuma in sun zo babin haddin sha a karatun zaure, ya kyautu su haɗa shi da hakkin hanya, domin almajiran yau su ne direbobin gobe.

Ma'aikaci ya tsai da mota don abin da ya gani, ko bisa tsarin da ya hau kowa, ya faɗi sunansa da dalilinsa, ya bar hukunci ga alƙali. Direba kuma in an ɗaga masa hannu ya tsaya, ya nuna takardunsa, in an zalunce shi ƙofar kotu a buɗe take. Allah ya kiyaye matafiya, ya kai kowa gidansa lafiya. Haza wassalam.